Gida Ba a Gama Shi: Tarihin Gyaran Gidan Karkara a Ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin ƙasar Zamfara sun fi karkata ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da ƙaurar fada daga wannan birni zuwa wancan. Akwai kuwa wani tarihin da ba a cika rubutawa ba, wanda talaka yake maimaitawa kowace shekara da hannunsa, wato yaɓen katanga, da sauya jinka, da daɓen ɗaki, da ɗaura danga, da gyaran rumbu kafin hatsi ya iso gida. Ranar da magini ya sauko daga kan katanga, ranar ce ruwa da gara da iska suke fara nasu aikin, kuma gidan ƙasa ba ya tsayuwa sai gwargwadon yadda masu shi suka riƙa mayar masa da abin da damina ta zaftare.

Wannan maƙala za ta bi sawun wannan aiki a yammacin Jihar Zamfara, a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, tun daga zamanin ganuwa har zuwa yau. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ɗorewar gidan karkara a wannan yanki ta rataya ne a kan abu biyu: samuwar hannuwan da za su gyara shi a kan kari, da lafiyar ƙasar da ake gyaran da ita. Duk lokacin da ɗaya daga cikin biyun ya samu tangarɗa, a jikin gida ake fara gani. A shekarar 2010 an gani da rayukan ɗaruruwan yara.

Gida a Inuwar Ganuwa

Gulbin Zamfara yana ratsa wannan yanki daga gabas zuwa yamma, ya bi ta wajen Anka da Gummi kafin ya zuba a Gulbin Sakkwato, Gulbin Ka kuma yana kwance kudu da shi. Ƙasa ce mai fadamu da yumɓu mai ƙarko, mai dazuzzukan da ke ba da gamba da shuci da itatuwa irin su ɗorawa da giginya. Duk abin da ake bukata don tayar da gida, a da, ana samunsa a tazarar da jaki zai je ya dawo a wuni guda.

Zamfarawa sun san darajar wannan sauƙi, domin sun sha tashi su sake gini. A cikin shekarun 1760 Gobirawa, a ƙarƙashin Sarkinsu Babari, suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alkalawa. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta sauya mazauni daga gari zuwa gari, har ya tabbata a Anka a rabin farko na ƙarni na 19, shi ya sa har yau Sarkin Anka yake riƙe da sarautar Sarkin Zamfara. Mutanen da suka yi irin wannan yawo ba su ɗauki katanga a ka ba. Abin da suka tafi da shi shi ne sanin yadda ake kwaɓa ƙasa, da tsarin da ke tara jama'a su yi aikin tare.

A wancan zamani na hare-hare, gida ba ya tsayuwa shi kaɗai, yana cikin ganuwa, ganuwar kuma ita ce babbar katangar kowa. Al'adar biranen ƙasar Hausa ce, idan ruwa ya ɗauke, a raba wa unguwanni da ƙauyuka sassan ganuwa, kowa ya gyara nasa rabon. Ramukan da ake haƙar ƙasar gini su ne suke zama kududdufai, su tara ruwan damina, ruwan kuma da shi ake kwaɓin rani. Saboda haka kududdufi da katanga 'yan uwan juna ne: duk katangar da ta tashi a gari, akwai ramin da ya zurfafa dominta.

Aikin Shekara

Gyaran gida yana da kalandarsa, kuma kalandar noma ce ta haife shi. Da kaka, tun kafin a yi girbi, rumbu ake fara dubawa. Idan na zana ne a sake masa zana da jinka, idan kuwa rufewa ce ta yumɓu, wadda mutanen yankin suke kira ruhewa, a toshe tsagarta, a duba duwatsun da aka ɗora ta a kai don kada danshi da gara su hau. Magidancin da ya kai damman gero da dawa cikin rumbu mai yoyo ya yi noman banza, domin ruɓewa da ɓera za su ci rabonsu kafin iyali su ci nasu. Da zarar an kwashe amfanin gona, karan dawa ya zama darni, gamba ta zama zana, shuci kuma a tara shi don jinka.

Da sanyi ya shigo, aikin ƙasa ya tashi. A haƙo ƙasa daga kududdufi, a jiƙa ta, a zuba mata ramno ko kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta nuna. Daga nan a murza tubali a shanya, ko a yi yaɓe kai tsaye. Inda aka fi sa ido shi ne gindin katanga, wurin da feshin ruwa yake cinyewa, da kuma kanta, inda tsaga take farawa. Bahaushe da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, maganar magina ya ara kafin ta zama wa'azi. Masu soro suna duba azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba, su share indararo, su shafe rufi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. A nan za a ga cewa sharar marini da ta majemi su ne rigar ruwan magini.

Mata suna da nasu fagen, wanda maza ba sa shiga. Daɓen ɗaki nasu ne: a shimfiɗa tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru da madaɓai suna bugu a tare, har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi. Su ne masu gyaran murhu da akurkin kaji, su ne kuma masu sharar tsakar gida safe da yamma. Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a ɗora sabbin jinkaye, kuma wannan aiki ne da ba ya yiwuwa sai da gayya, abin da ya haifi karin maganar nan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya riƙe wannan kalanda shi ne gandu, inda uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, suke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya. Maigida yana da haƙƙin ƙarfin matasa, su kuma suna da haƙƙin ci da aure da ɗaki a kansa. Duk auren da aka ɗaura, sabon ɗaki ne a cikin gida, duk mutuwar da aka yi ko rabon gado, wata katanga ce za ta tashi ko ta faɗi. Mai ido zai iya karanta tarihin zuri'a daga fasalin gidansu.

Akwai wani abin lura a wannan tsari, wanda zai bayyana abin da ya faru daga baya. Ƙasa a gidan Bahaushe zagayawa take yi. Daga kududdufi ta hau katanga, ruwa ya wanko ta tsakar gida, tsintsiya ta kai ta juji tare da toka da kashin awaki, jaki ya ɗauke ta a mangala zuwa gona, gona ta dawo da ita hatsi da kara. Babu abin da yake fita daga wannan da'ira, kuma wannan shi ne tattalin da ya rayar da gonakin bakin gari shekara da shekaru ba tare da takin zamani ba. Amma da'irar da ba ta zubar da alheri, haka nan ba ta zubar da guba.

Haraji, Cin Rani da Kwano

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yaƙe-yaƙen garuruwa suka tsaya, ganuwa ta rasa masu yi mata yaɓe, ta fara narkewa. Jama'a suka samu halin fita su kafa tungaye kusa da gonakinsu. Gida ya samu fili, ya kuma rasa babbar katangar da ke kare shi.

Sauyi mafi girma ya zo ta hanyar haraji, wanda aka wajabta biyansa da kuɗi. Don neman kuɗin nan manomi ya ƙara auduga da gyaɗa, musamman bayan jirgin ƙasa ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, matasa kuma suka kama hanyar cin rani zuwa ƙasar Yarbawa da Gwalkwas, wadda ake kira Gana a yau. Yawan masu fita daga Lardin Sakkwato ya kai har aka sa masanin labarin ƙasa R. M. Prothero ya nazarci ƙidayarsu da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, lokacin cin rani shi ne daidai lokacin yaɓe. Hannun da ya tafi neman kuɗin haraji, shi ne hannun da katanga take jira. Matashin da ya riƙe kuɗin kansa kuma ba ya jimawa a ƙarƙashin gandu, don haka manyan gidaje suka riƙa rarrabuwa, gayya ta fara komawa aikin lada.

Kwano da siminti sun shigo ne su cike wannan gurbi. Kamfanin siminti na Sakkwato da ke Kalambaina ya fara aiki a 1967, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma ya sa rufin kwano ya zama shaidar cewa ɗan gida ya samu. Ba za a raina amfaninsu ba: kwano ya rage gobara, ya kuma hutar da mutane neman shuci a dajin da gonaki suke cinyewa. Sai dai ɗakin kwano yana zafi da bazara fiye da na jinka ko soro, simintin da aka shafa a kan katangar ƙasa kuma ba ya kama ta da kyau, yana tsagewa ya ɓoye ruwa a bayansa, katanga ta ruɓe daga ciki mai ita bai sani ba. Mafi muhimmanci, gyaran da ake yi da ƙarfin jiki da kayan daji ya koma gyaran da sai da kuɗi. Daga nan magidanci ya shiga neman abin da zai kawo kuɗi da rani ba tare da ya bar gida ba.

Zinariya a Tsakar Gida

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Anka. Tana cikin wuraren da aka san da ita tun zamanin Turawa, lokacin da haƙar ta bunƙasa a Nijeriya a shekarun 1930 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ita. Abin da ya sauya shi ne farashi. Oza guda da ba ta kai dala 900 ba a ƙarshen 2008, ta haura dala 1,200 a tsakiyar 2010. Manoma suka koma ramuka, suna ɗauko duwatsu a buhuna zuwa gida.

Gida kuwa ya karɓi dutsen kamar yadda yake karɓar hatsi. Aka fasa shi a tsakar gida, mata suka daka a turmi, aka niƙa a injin niƙan gari, aka wanke a kududdufi, aka shanya a inda ake shanyar tsaba. Wannan ya dace da tsarin gida, domin matar da ke kulle ta samu sana'a ba tare da ta fita ba. Abin da ba a sani ba shi ne, dutsen da aka ci karo da shi a wannan karo cike yake da dalma. Ƙurarsa ta kwanta a daɓen ɗaki da tabarma da kwanon tuwo, ta shiga ƙasar da yaro mai rarrafe yake kai wa baki. Agwagin ƙauyuka ne suka fara mutuwa, ba wanda ya gane saƙon.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura da yawan mace-macen yara masu jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Binciken da hukumar CDC ta Amurka mai yaƙi da cututtuka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani ya nuna cewa, daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi goma cikin ɗari, fiye da ninki 250 na iyakar da Amurka ta ƙayyade a lokacin ga filin wasan yara. Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Bagega a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, duk abin ya shafe su. Yara sama da 400 suka rasu, wasu da dama suka rayu da makanta ko raunin ƙwaƙwalwa.

Babban Gyara

Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani ga yaron da za a mayar ɗakin da ya sa masa ciwon. Dole sai an warkar da gida kafin a warkar da yaro. Wannan ne ya haifar da gyaran gida mafi girma da yankin ya taɓa gani. Sarakuna da hakimai suka ba da umurni a fitar da aikin dutse daga cikin gari. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara, suka tsara aikin, mutanen ƙauyukan kuma su suka yi shi da fartanya da shebur da baro. Aka bi gida gida ana fitar da kaya, ana kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna kimanin santimita biyar, a kai ta ramukan da aka tanada a bayan gari a binne, sa'an nan a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa.

An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, aka gama ƙauyuka bakwai a farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012, MSF ta yi ta kira, matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da gangami a intanet, kafin a saki kuɗin a farkon 2013 a yi aikin a wannan shekarar. A jimlace, an kwashe ƙasa da sharar ma'adinai sama da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820 a ƙauyuka takwas, mafi yawa da hannu.

Wannan aiki ya yiwu ne saboda ya faɗo hannun mutanen da suka saba da shi. Haƙo ƙasa, ɗaukarta, shimfiɗa ta, daɓe ta, aikin kakanninsu ne, na'urar auna dalma kawai baƙi suka kawo. Darasin da ya biyo baya shi ma tsohon darasi ne. A gidajen da aka ci gaba da shigo da dutse a ɓoye, ko mahaƙi ya dawo da ƙura a jikin tufafinsa, dalma ta sake taruwa. Aka koma koya wa mahaƙa niƙa da ruwa don kashe ƙura, da wanka da sauya kaya kafin shiga gida. MSF ba ta miƙa shirin ga gwamnatin jiha ba sai a 2022. Tsabtace gida daga guba ya zama kamar yaɓe, ba a yin sa sau ɗaya a huta.

Kufai

Ba a gama farfaɗowa daga dalma ba sai bindiga ta zo. Hare-haren 'yan bindiga sun tilasta wa ƙauyuka da dama tashi, har iyalai suka fake a harabar sabuwar fadar Sarkin Anka da ba a kammala gininta ba. A farkon watan Janairu na 2022 aka kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuma suka ce sun kai 200. Maharan sukan ƙone rumbuna, su kore dabbobi, su sa wa gari haraji kafin shuka ko girbi.

Wanda ya fahimci kalandar gyara zai gane cewa ɓarnar ba ta tsaya a ranar hari ba. Gidan da wuta ba ta taɓa ba ma, idan ya yi damina biyu ko uku ba a yaɓe shi ba, jinka za ta lotsa, ruwa ya shiga kan katanga, gara ta gama sauran. Inda babu awaki babu taki, gonar bakin gari ta mutu. Dajin da ake samo shuci da azara ya zama wurin da ba a shiga. Yaron da ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira kuma bai taɓa tattaka kwaɓi ba, balle ya san lokacin da ƙasa ta nuna. A gefe guda, ambaliyar watan Agustan 2024 da ta shafi dubban gidaje a Gummi ta tuna wa kowa cewa ruwan gulbi bai daina gwada gindin katanga ba.

Kammalawa

Daga faɗuwar Birnin Zamfara zuwa yau, mutanen wannan yanki sun rasa gidaje sau da yawa, sun kuma sake ginawa, domin suna tare da juna kuma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu lafiyayya ce. Haraji da cin rani sun rage hannuwa, dalma ta lalata ƙasa, rashin tsaro kuma ya haɗa illolin biyu, ya raba mutum da ƙasarsa baki ɗaya.

Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage haramcin a watan Disamba na 2024, zinariya kuma ta fi tsada yanzu fiye da yadda take a 2010. Wannan yana nufin dutse zai ci gaba da neman hanyar komawa turmi, kuma yaran da za su yi rarrafe a tsakar gidajen Bagega da Dareta a shekaru masu zuwa, iyayensu wataƙila ba su kai hankali ba lokacin da aka binne na farko. Ya wajaba dokar fitar da aikin dutse daga gari ta zauna daram a hannun sarakuna da malamai da matan gida, a kuma riƙa auna ƙasar gidaje da kududdufai a kai a kai. Haka nan, duk shirin mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu da ya tsaya a rabon kwano da buhunan siminti bai kammala ba. Mai komawa yana bukatar ranin da zai kwana a gidansa ba fargaba, da jakin da zai ɗauko masa ƙasa, da maƙwabtan da za su amsa gayyarsa ranar ɗora jinka.